Hanyar Gozaki

Malam Maitama ya sake danna uku.

Humaira tana zaune a bakin katifarsa, ta riƙe masa wayar daidai ƙirji. Rubutun da ta riga ta haddace ya sake fitowa: Ba a rubuta wannan hanyar ba tukuna. Koma baya.

"Baba, na gaya maka babu komai a nan," ta ce. "Mu bi ta Tsiga mana. Jiya na ƙara wurin da tayar babur ɗinka ta fashe a bakin rafi, ba ka gani ba."

Ta mayar da wasan farko, ta karanta masa da ƙarfi kamar yadda ta saba. "Gari ya waye a Malumfashi. Sikelinka yana ɗaure a bayan babur, buhuna a gaba. Ina ka nufa yau? Ɗaya, Tsiga. Biyu, kasuwar Dandume. Uku, Gozaki."

Yatsan hannun hagu ya taho a hankali yana rawa. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya sauka a kan uku. Sannan tsohon ya ɗago ido ya dube ta.

Wasan ba shi da hoto, ba shi da kiɗa. Rubutu ne zalla. A gaya maka inda kake tsaye da abin da ke gabanka, a ba ka zaɓi, ka danna lamba, labarin ya bi inda ka tura shi. Wasu matasa masu harkar kwamfuta a Zariya ne suke shirya gasar irin waɗannan wasanni duk shekara bayan damina, domin masu rubutu da Hausa, kuma waɗanda suka zo kan gaba ana ɗaukarsu horo na wata guda a Kaduna. Humaira, wadda take koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a nan cikin gari, ta shiga bara da wani ɗan guntun wasa na neman akuyar da ta ɓata, ba ta kai ko'ina ba. Bana ta ɗauri niyyar abin da ya fi wannan. Tun kafin azumi take rubuta wasan mai awon auduga, aikin da babanta ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi, ƙauye zuwa ƙauye, yana saya wa masu gurzar auduga na Funtuwa.

Duk labaran daga bakinsa ta ji su, lokacin da yake da baki. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a ƙofar masallaci. Ya tashi hannun dama a mace, ƙafa tana ja, magana kuma ta tafi gaba ɗaya, sai wani "to" da yake faɗa wa komai: abinci, gaisuwa, zafin ciwo. Amma yana ji, yana ganewa. Ranar da ta fara karanta masa wasan, da suka kai wurin da wani manomi ya ɓoye dutse a tsakiyar buhun auduga, sai ya yi dariya ta gefen baki ɗaya har ya ƙware. Tun daga ranar ya zama mai gwada mata wasa.

Gozaki garinsu ne, can aka haife shi. Sai dai labaran aiki ya fi bayarwa, na gida bai cika taɓawa ba, ita kuwa rabonta da garin tun tana firamare. Ta sa sunan a cikin zaɓi da niyyar cikewa daga baya, da ta zo cikewar sai ta rasa abin rubutawa. Da farko bai damu ba, yana bin Tsiga da Dandume yana jin daɗinsa. A makon nan ne ya kafe.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Zubair ne, ɗaya daga cikin masu shirya gasar. Ta fita bakin ƙofa ta ɗauka.

"Malama Humaira, naki kaɗai muke jira daga ɓangarenku. Ƙarfe shida na yamma shafin zai rufe da kansa, kuma wallahi ba ni da ikon buɗe shi."

"Saura hanya ɗaya, Malam Zubair, wadda babana yake ta dannawa."

"Na gani a gwajin da kika turo. Alƙalai ba sa karɓar wasa mai hanyar da ta mutu a tsakiya. Ki cire ta kawai, aikin minti biyu ne. Biyun nan sun isa, ta Dandume ma sai da na karanta wa abokaina. Ki ajiye wa Baba mai hanya uku, mu ki turo mana mai biyu."

"In na turo shi haka, zan iya ƙarasa shi in sake shiga da shi baɗi?"

"A'a. Wasa sau ɗaya yake shiga gasa, dokarmu ke nan tun farko."

Ta ce ta gode, za ta turo kafin lokaci.

A tsakar gida mahaifiyarta, Inna Sabuwa, tana tsince wake a faifai. Humaira ta tsuguna kusa da ita.

"Inna, me ke Gozaki da Baba yake ta nema?"

Inna ba ta ɗago ba. "Me ke Gozaki in ba Yaya Hajo ba?"

Gwaggo Hajo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu suka rage a ɗakinsu. Idonta ya daɗe da rufewa, ga hawan jini. Da Baba ya faɗi, Yaya Manu, babban wan Humaira da ke Kaduna, ya yanke cewa kada a gaya mata gaskiyar ciwon, kada a yi majinyata biyu. Aka ce mata ƙafa ce take damunsa. In ta sa an kira mata waya, sai Inna ta ce yana barci, ko ya fita masallaci. Humaira ta san da wannan duka, ta dai daina tunaninsa ne kamar yadda kowa a gidan ya daina.

"Zan je in dawo kafin la'asar," ta ce. "In ga garin da idona, in rubuta ko 'yan layuka ne, ya samu abin karantawa."

"Yau ɗin? Ba yau za ki tura abin naki ba?"

"Shi ya sa."

Inna ta ajiye faifan. "Kada ki gaya mata komai, Humaira. Yayanki zai ce ni na aike ki."

"Hanya kawai zan tambaya."

A tasha ta samu motar Kafur saura mutum ɗaya. Aka matse ta tsakanin ƙofa da wata mata mai jarkar man gyaɗa a cinya. Kaka ta kama sosai. An shanya masara a gefen kwalta, direba yana kauce mata yana mita. Can da can sai a ga gonar auduga ta fashe fari fat, amma waken soya da dawa sun cinye yawancin filin da Baba yake cewa a da ba ka ganin ƙarshen farinsa. Daga Kafur ta hau mashin. Tana riƙe da ƙarfen baya da hannu ɗaya, tana ta tara abin da za ta rubuta a ka: jar ƙasa, tsamiya, rumbuna, mata da damin kara. Da ta sauka ta rubuta su a waya, ta karanta, sai ta ga kowane ƙauye ne a ƙasar nan. Ko ita ba za ta danna uku don ta karanta wannan ba.

Tambaya ɗaya ta yi aka nuna mata gidan. Ta tarar da tsohuwar a inuwar rumbu, ƙafafu a miƙe, tana ɓarar gyaɗa a cikin ƙwarya. Yatsunta suna aiki da kansu, fuskarta tana kallon wani wuri sama da katanga.

"Salamu alaikum."

"Amin, alaikumus salam. Wannan muryar ba ta unguwar nan ba ce."

"Humaira ce, Gwaggo. Ta Malumfashi."

Ƙwaryar ta kusa kifewa. "Innarmu? Innarmu ce? Zo nan, zo nan!"

Sunan kakarta Aisha aka sa mata, shi ya sa Baba bai taɓa kiranta da shi ba sai Humaira, Gwaggo kuwa Innarmu take ce mata tun tana zanen goyo. Ta durƙusa. Hannaye masu ƙanshin ɗanyar gyaɗa suka bi fuskarta, goshi, hanci, haɓa.

"Kin ɗauko goshin Maitama. Allah Ya sa ba ki ɗauko taurin kan ba. Ina Sabuwa? Ina ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, Gwaggo. Suna gaishe ki."

"Ina amsawa," in ji tsohuwar, sannan ta ƙwala wa matar ɗanta Awaisu kira ta kawo wa baƙuwa fura.

Bayan an gama gaishe-gaishe Humaira ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ya kawo ta. Ta faɗi gasar, ta faɗi wasan, ta karanta mata farkonsa. Gwaggo ta saurara kai a karkace.

"Wato tatsuniya ce da mai sauraro yake tsoma baki."

"Kusan haka."

"To ai mu ma haka muke yi wa Inna, kakarki, sai ta kore mu. Me kike so a wurina?"

"Hanyar shigowa gidan nan, yadda take lokacin da kuna yara."

Gwaggo ta ture ƙwaryar gefe, ta kakkaɓe zani.

"Ba ta inda kika shigo ake shigowa ba. Ta yamma ne. Kuma kafin ki ga gari hanci ne zai fara gaya miki kin iso, saboda marina. Warin baban rini, in kin saba da shi har kewarsa kike yi. An cike ramukan yanzu, an ce shagon cajin waya aka yi a kai. Kina wuce marina sai ki riƙe hannun dama, ki bi jikin katangar masallaci, sai rijiya. Bakinta dutse ne, igiyar guga ta ci shi ta yi masa tsagi-tsagi kamar an ja yatsu a tuwo. Nan Maitama ya taɓa cusa ƙafarsa ta maƙale, yana ihu, ni ina dariya, aka zo aka dake ni a kan dariyar. Rubuta wannan, ni aka daka."

Humaira tana rubutawa da manyan yatsu biyu, tana tsallake kalmomi.

"Daga rijiya sai zaurenmu, ba wannan ba, na ƙasa ne mai ƙofa gajere, kowa sai ya sunkuya, har mai gari. In kin shigo, ɗakin farko na hagu nan Inna take kaɗi. Ta zauna da mazari, ga alli a gefe tana shafa wa yatsu, ga kwandon auduga. Aikin Maitama cire angurya. Ba ya cire goma sai barci, kuma a cikin kwandon yake yinsa. Sai a nemi yaro a rasa, a ga ƙafa ta leƙo daga cikin auduga." Ta yi dariya, ta goge gefen ido. "Har ya girma ya zama mai awo, in aka kawo masa buhu sai ya nutsa hannu ciki har gwiwar hannu kafin ya ɗora a sikeli. Mutane suna cewa danshi yake dubawa. Ni na san ba danshi ba ne. Inna ta rasu bai kai kaciya ba."

Humaira ta daina rubutu. Shekara da shekaru tana jin labarin sikelin nan, ta rubuta shi a wurare da yawa a cikin wasan, ba ta taɓa jin wannan ba. Ta dubi abin da ta tara a waya. Ko ƙofar ɗakin farko ba su wuce ba, kuma ta san ba abin da za a dunƙule a 'yan layuka ba ne.

"To," in ji Gwaggo. Muryarta ta sauya. "Na ba ki hanya. Ke kuma ki ba ni gaskiya. Me na yi wa Maitama?"

"Gwaggo, ba ki yi masa komai ba."

"Mutum ba ya barci shekara biyu, Innarmu. Makauniya ce ni, ba wawiya ba. Na zauna a nan na bi komai ɗaya bayan ɗaya, tun daga rabon gonar babanmu har bikin Awaisu, ban ga inda na ɓata masa ba. In wata magana aka kai masa, ki gaya mini in san abin da zan roƙi gafara a kai. Ba na so in mutu ƙanena yana gudun muryata."

Humaira ta tuna gargaɗin Inna, ta tuna fuskar Yaya Manu in ransa ya ɓaci. Sannan ta kama hannun tsohuwar ta gaya mata komai: faɗuwar, asibiti, hannun, bakin da ya tafi, da dalilin da ya sa aka ɓoye. Ta gaya mata yadda mako guda ke nan yana danna Gozaki.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana murza bayan hannun Humaira da babban yatsa, leɓunanta suna motsi.

"Bakin ne ya tafi?"

"E."

"Kunnen fa?"

"Yana ji sarai."

"To kira mini shi."

Sai da Humaira ta zaga bayan rumbu ta ɗaga wayar sama kafin kiran ya shiga ƙaramar wayar Inna. Ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta dawo da sauri.

"Humaira, kin kamo hanya?" in ji Inna.

"Sabuwa, ni ce."

Inna ta ce, "Yaya, don Allah ki yi haƙuri, wallahi Manu ne ya ce..."

"Wannan maganar ta wata rana ce. Ki kai masa wayar."

Aka ji takun silifa, aka ji labule, aka ji Inna tana cewa, "Malam, ga Yaya Hajo." Sai numfashi mai nauyi.

"Maitama. Ni ce."

"To," aka ce daga can.

"An gaya mini. Yanzu aka gaya mini, ka ji? Ban sani ba."

"To. To."

Gwaggo ta ƙara matso da kunnenta kusa da wayar. Can sai wata 'yar ƙara ta fito daga wayar, ƙit, irin ta madanni. Ta sake fitowa.

"Mene ne wannan? Ta katse?"

"Dannawa yake yi, Gwaggo," in ji Humaira. Ta matso da bakinta. "Baba, Gwaggo za ta tambaye ka. In e ne ka danna sau ɗaya, in a'a ne sau biyu."

"Ka ji abin da Innarmu ta ce?" in ji Gwaggo.

Ƙit.

Tsohuwar ta gyara zama, ta karɓe wayar daga hannun Humaira ta riƙe da hannu biyu.

"Kana cin abinci?"

Ƙit.

"Ba ya ci, Yaya, sai an yi da gaske," muryar Inna ta shigo daga nesa.

"Ka ji, Sabuwa ta tona ka. Bakin ya tafi, ƙaryar tana nan. Kana jin ciwo yanzu?"

Sau biyu.

"Maitama, kana fushi da ni?"

Sau biyu, da sauri. Kafin ta yi magana aka sake dannawa sau biyu.

"Na ji, na ji. Kada ka fasa wa Sabuwa waya." Ta ja hanci. Matar Awaisu, da ta fito da kwano a hannu, ta tsaya cak a ƙofar madafa. "Kana son ka zo gida?"

Wayar ta yi shiru har Humaira ta leƙa ta ga ko kiran ya yanke. Sannan ƙarar ta zo, guda ɗaya, doguwa, kamar ya ɗora yatsa ya ƙi ɗagawa.

"Yaya," in ji Inna a hankali, "likita ya ce kada a jijjiga shi a mota. Ko asibitin nan kusa sai an kwantar da shi."

"Na ji. Ai ban ce shi zai zo ba." Ta miƙa wayar inda take jin Humaira. "Kashe. Ke kuma ɗauko mini mayafina da takalmi, a je gona a kira Awaisu."

Awaisu ya zo da gumi, lauje a hannu. Da ya ji abin da ake ciki sai ya tsuguna gaban uwarsa.

"Inna, rabonki da shiga mota tun kafin idon nan. Ga jininki. Ki bari in an gama girbi in kai ki da kaina."

"Da ido ake zama a mota?"

"Ba haka nake nufi ba."

"In an gama girbi sai a ce sai an gama sussuka. Ka nemo mini mota, ko in kama hannun yarinyar nan mu taka."

Awaisu ya miƙe ya fita neman mota. Akwai abokinsa Bature da yake lodin masara a motar akori-kura zai kai Malumfashi, ya ce zai ba su gidan gaba. Gwaggo ta sa aka ƙulla mata daddawa da kuka. Da za su fita ta ce a tsaya, a kai ta wurin buhunan da ke zaure. Ta laluba har ta samu na auduga, ta zaro cikin hannu guda, ta ƙulle a bakin zaninta.

Lodin bai ƙare ba sai bayan la'asar. Humaira ta yi salla a ɗakin matar Awaisu, ta fito tana duban rana. Da motar ta tashi, Gwaggo ta damƙe mata hannun dama, kuma duk ramin da suka faɗa sai ta ƙara matsewa tana salati. Bature yana ta ba da haƙuri, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Suna wuce Kafur saƙonni suka fara shigowa. Na Zubair ne a sama: Malama, lokaci ya kusa. Cire ukun ki turo, don Allah.

Ta buɗe wasan da hannun hagu. Ga layin nan, gajere: Uku, Gozaki. Ta ɗora yatsa a kai har ya yi shuɗi, alamar gogewa ta fito a gefe.

Ta daɗe tana ganin Kadunan nan a ranta. Ɗaki mai sanyi, mutanen da in ta ce tana rubuta wasa ba za su tambaye ta ko na yara ba ne. A makarantarsu ko malamin Hausa da ta nuna wa ya danna sau biyu ya mayar mata da waya, ya ce ina hotunan. Wata nawa tana tashi kafin kowa don ta rubuta shafi ɗaya kafin ta ɗora ruwan wankan Baba. Kuma Zubair bai yi ƙarya ba, hanyoyi biyun suna da kyau. Za su iya kai ta.

Baɗi kuwa da nisa. Ta tuna yadda wuyan rigar Baba ya yi masa yawa a 'yan watannin nan, ta kawar da tunanin, ya dawo.

"Af, na manta," in ji Gwaggo, kanta yana jingine da kujera. "Bayan rijiya akwai wata 'yar siririyar hanya da take bi ta bayan gidan maƙera ta ɓulla ta garkenmu. Ita Maitama yake bi in ya yi laifi, don kada ya haɗu da babanmu a zaure."

"Akwai wata hanyar kuma?"

"Hanyoyi ai suna da yawa. Akwai ta damina, in rafi ya kawo. Akwai wadda amare suke bi. Sai mun zauna, shi ma yana ji, in na yi kuskure ya danna mini abin nan sau biyu."

Humaira ta ɗaga yatsanta daga kan layin. Ta koma wurin saƙo ta rubuta a hankali, harafi ɗaya-ɗaya: Ka yi haƙuri Malam Zubair, bana ban gama ba.

Amsar ta zo nan take. Haba Malama! Wani saƙon ya biyo baya, ba ta buɗe ba. Ta jefa wayar a jaka ta juya fuska wajen taga. Rana ta yi ja a kan gonakin dawa, wasu mutane suna kwashe shanyar masara daga gefen titi. Abin ya yi mata zafi fiye da yadda ta zata, har sai da ta ciji leɓe.

"Mura kike yi?" in ji Gwaggo.

"Iska ce."

Tsohuwar ta sassauta riƙon, ta mayar da shi shafa.

Ana shirin kiran magariba Bature ya sauke su a bakin layi. Humaira ta rataya jaka, ta ɗauki ƙullin daddawa, ta ja Gwaggo a hankali tana gaya mata inda kwata take da inda dakali yake. Suka shiga zaure. Saura labule ɗaya su fita tsakar gida sai tsohuwar ta ja ta tsaya.

"Dakata. Gyara mini mayafin nan."

Humaira ta gyara mata, ta kakkaɓe ɓawon masara daga kafaɗarta.

"Yanzu gaya mini yadda ya koma," in ji Gwaggo ƙasa-ƙasa. "Duka. Kada in taɓa shi hannuna ya firgita, shi kuwa yana gani."

Humaira ta matso kusa da kunnenta.

"Ya rame, Gwaggo, za ki ji ƙashin kumatu. Gemun ya yi fari gaba ɗaya. Inna ce take rage masa da almakashi, ba ta iya ba, gefe ɗaya ya fi tsawo. Bakin ya karkace ta dama, in kin ji danshi a wurin ba kuka ba ne, akwai tsumma a ƙarƙashin filo. Yana kwance ne kansa ta wajen taga. Hannun dama a naɗe yake a ƙirji, kada ki ja shi, yana masa zafi. Na hagu za ki nema."

"Idon fa?"

"Idon yana nan yadda kika san shi."

Gwaggo Hajo ta gyaɗa kai. Ta tsaya ta ja numfashi, ta sake ja.

"Na hagu," ta ce.

Ta saki hannun Humaira, ta goge tafinta a jikin zani, ta gyara murya, ta ɗaga labulen da kanta ta yi sallama.